Yadda ake cinikin sabuwar mota a hannun dila a Kano

Sabuwar mota ba ta da tsayayyen farashi a Kano. Mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, sai ka ji kuɗinta a wani wurin sayar da motoci da ke Titin Zariya ya bambanta da na wani da ke Titin Maiduguri da miliyoyin naira, kuma ko a wuri ɗaya ne, abin da aka gaya maka ranar Litinin ba lalle ba ne ya kai Alhamis. Babban dalili shi ne da dala ake sayo motar ko kayan haɗa ta, kuma tun da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, diloli suka fi mayar da hankali ga abin da za su kashe wajen sayo wata motar a madadin wadda za su sayar, fiye da abin da suka riga suka kashe a kanta. Na daɗe ina raka 'yan'uwa da abokan kasuwanci irin wannan ciniki, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya ɓata yini guda yana neman ragi a kan kuɗin motar, a rage masa, sannan a mayar da ragin duka ta hanyar haraji da kuɗin kawowa da lamba da inshora da ƙananan kayan ado. Saboda haka adadi ɗaya ne ya kamata ka yi ciniki a kansa, wato jimillar abin da zai fita daga aljihunka har motar ta hau titi da lambarta, a rubuce, a kan takamaimiyar mota wadda ka karanta lambar shasinta, wato lambar shaidar da kamfani ya buga a jikinta, da idonka.

Abubuwan da za ka tanada

Da farko ka tanadi littafin rubutu da biro, domin farashin da aka faɗa da baki a wurare huɗu ko biyar yakan cakuɗe a ka kafin mutum ya koma gida. A shafin farko ka rubuta iyakar abin da za ka iya kashewa, kuma kada ka nuna wa kowa shafin nan, har da wanda zai raka ka. Ka tanadi lambar wani ɗan canji da ka sani a Wapa, don ka ji yadda dala ta kwana kafin ka fita ciniki. Ka tanadi katin shaidar ɗan ƙasa da lasisin tuƙi da hotunan fasfo saboda rajista, sannan ka je bankinka tun da wuri a ɗaga maka iyakar kuɗin da za ka iya turawa a rana guda.

Kana bukatar bakanike amintacce wanda kai ne za ka biya shi, ba dila ba, mai kwamfutar duba mota, in da hali har da na'urar auna kaurin fenti. Idan ba a samu na'urar ba, tsohon fenta mai ido da tocila mai haske da ɗan maganaɗisu sun wadatar, domin maganaɗisu ba ya kama ƙarfen jikin mota sosai a inda aka cike shi da kwaɓin gyara. Kana kuma bukatar mutum ɗaya mai sanyin rai wanda zai zama shaida. Kada ka tafi da ayari, kuma wanda za a saya wa motar, amarya ce ko ɗa, ya fi kyau ya zauna a gida ranar ciniki, domin da zarar dila ya ga fuskar wanda motar ta shiga ransa to ragi ya ƙare. Abu na ƙarshe shi ne lokaci: ka ba kanka mako biyu ko uku.

Mataki na 1: Tsayar da irin motar da kake so

Faɗin sunan mota kaɗai ba ya isa. Kowace ƙira tana da hawa-hawa, daga mai kujerun yadi da giyar hannu zuwa mai kujerun fata da giya mai canza kanta, ga bambancin girman inji, ga kuma ƙasar da aka ƙera motar dominta. Wadda aka yi wa ƙasashen Larabawa da Afirka ta fi dacewa da zafin Kano da ƙurar hunturu da irin man da muke sha, idan aka kwatanta da wadda aka yi wa Turai. Ka rubuta duk waɗannan a layi ɗaya, kuma wannan layin za ka riƙa karanta wa kowane dila, in ba haka ba za a ba ka farashin mai ƙaramin hawa a waya, ka je ka tarar da wata.

Kafin ka tsayar da magana, ka leƙa Kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin fitilar gaba da gilashin gaba da bamba da takalmin birki na wannan motar. Idan 'yan kasuwa suka ce sai an yi oda daga Legas ko Sin, ka sa wannan a lissafi, domin motar da ta yi araha a wurin dila amma take kwana wata guda a gareji tana jiran fitila ba ta yi araha ba. Ka kuma ware mota ta biyu wadda za ka iya haƙura da ita. Mai zaɓi biyu ya fi mai zaɓi ɗaya ƙarfin baki a wurin ciniki, haka ma wanda bai kafe a kan launi ɗaya ba.

Mataki na 2: Sanin wanda kake ciniki da shi

Masu sayar da sababbin motoci iri biyu ne. Akwai wakilan kamfani, waɗanda ke karɓar mota daga babban mai rarrabawa na ƙasa, kamar yadda Toyota Nigeria Limited ke ba dilolinta irin su Elizade, ko Dana da ke riƙe da Kia, ko Coscharis da Ford, ko CFAO da Suzuki. Irin wannan wakilci yakan canza hannu, don haka ka tabbatar a shafin kamfanin na intanet cewa wanda ke kiran kansa wakili sunansa yana nan. A wannan rukuni har da motocin da ake haɗawa a cikin gida, kamar Peugeot ta kamfanin Dangote a Kaduna da Innoson a Nnewi ta Jihar Anambra. Wakili yana da garanti na gaske, wanda a motoci da yawa shekara uku ne ko kilomita 100,000, wasu kamfanonin kuma suna ba da shekara biyar, amma ragin da zai yi maka a kan kuɗin motar kaɗan ne, domin daga sama ake tsayar masa da farashi.

Iri na biyu su ne diloli masu zaman kansu da ke sayo sababbin motoci daga Dubai da wasu wurare su shigo da su da kansu, kuma su ne suka fi yawa a Kano. A wurinsu ciniki ya fi faɗi, sau da yawa kuma motarsu ta fi araha, sai dai garantin da ke cikin littafinta na ƙasar da aka sayo ta ne, ba lalle ba ne wakilin Najeriya ya karɓe shi. A ganina babu laifi a sayi irin wannan mota idan ƙira ce da bakanikenmu suka sani, amma da sharaɗin bambancin kuɗin ya kai ya rufe gyara babba guda ɗaya. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, wakili ya fi. Ko da wa za ka yi, ka tambayi inda za a riƙa yi wa motar sabis a Kano, domin garanti yakan faɗi idan aka yi sabis a garejin da kamfani bai amince da shi ba, kuma kai mota Abuja duk bayan 'yan watanni kuɗi ne.

Mataki na 3: Tattara farashi a rubuce

Ka nemi takardar farashi daga wurare uku aƙalla, ɗaya ko biyu a Kano, sauran a Abuja ko Kaduna ko Legas, waɗanda za su iya turo maka ta WhatsApp. Takardar ta kasance mai kan sunan kamfani da kwanan wata, ta faɗi kwanakin da farashin zai yi yana aiki, kuma ta rarrabe kuɗin mota da harajin VAT da kuɗin kawowa da na lamba. Wannan haraji kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, kuma shi ne babban ramin da ake faɗawa. A misali, motar da aka ce naira miliyan 40 ce ba tare da haraji ba, miliyan 43 ce a gaskiya, ke nan wanda ya ce maka miliyan 42 da haraji a ciki ya fi shi araha da miliyan guda, ko da yake a kunne kamar ya fi tsada. Tambayar da za ka riƙa maimaitawa ita ce: “Wannan kuɗin da komai da komai ne, ko akwai abin da zai biyo baya?”

Farashin Legas sai ka ɗora masa kuɗin kawowa kafin ka kwatanta. Tafiyar ta kai kimanin kilomita dubu, kuma sabuwar mota a kan tirela ya kamata ta zo, da inshorar hanya. Wasu kan ba direba ya tuƙo ta don a rage kuɗi, alhali direban haya gudu yake yi don ya juya da wuri, sabon inji kuma lallaɓawa yake so a farkon tafiyarsa.

A nan ne lambar ɗan canji take amfani. Ka raba kuɗin motar da farashin dala na ranar don ka san dala nawa ake nema a wurinka. Motar dala 25,000, duk lokacin da dala ta motsa da naira 20, kuɗinta ya motsa da naira 500,000. Diloli suna saurin ƙara kuɗi idan dala ta hau, amma sukan yi nawa wajen ragewa idan ta sauka, kuma wanda ya zo da lissafinsa a rubuce shi ne ke iya tuna musu. Idan ka kasa samun takarda daga wani gari, tallace-tallacen intanet za su ba ka ƙiyasi, sai dai kada ka tura wa kowa ko sisi a kan hoton mota.

Mataki na 4: Zaɓen lokaci

Wakilan kamfani suna da adadin motocin da ake so su sayar a wata ko a shekara, don haka ƙarshen wata da watan Disamba sun fi sauƙin ciniki a wurinsu. Haka nan idan ƙirar sabuwar shekara ta iso, ta bara da ta rage a ƙasa takan zama nauyi ga dila, kuma sau da yawa bambancinsu bai wuce fitila da ado ba. Kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, wato KACCIMA, ke shiryawa a filin da ke Titin Gidan Zoo wajen ƙarshen shekara wuri ne mai kyau na tambayar rangwame idan kamfanonin motoci sun zo. Lokutan da ba na so su ne gab da Sallah da kakar siyasa, musamman ga mai neman Hilux ko bas ko manyan jif, domin a lokacin masu saye da yawa ba sa tambayar farashi. Ka je ranar aiki da hantsi, sa'ad da mai wurin yake nan kuma babu cinkoso.

Mataki na 5: Duba motar kafin a fara maganar kuɗi

Mutane da yawa suna ganin sabuwar mota ba ta bukatar dubawa, wannan kuwa kuskure ne, domin abin da za ka gano a nan shi ne hujjarka a wurin neman ragi. Leda a kan kujera ba shaida ba ce, sayar da ita ake yi, kuma an sha naɗe motar da ta yi 'yan watanni a hannun wani ko aka gyara bayan haɗari a kira ta sabuwa dal.

Ka fara da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba da jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka tabbatar iri ɗaya ce a duk inda ta fito da kuma cikin takardu. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da wasu da dama, harafi na goma yana nuna shekarar ƙira: P na nufin 2023, R 2024, S 2025. Ba kowace mota ce ke bin wannan tsari ba, don haka ka duba 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa, wadda a motoci da yawa take ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera ta. Tayoyi ma suna faɗin shekarunsu, da lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2324 ke nufin mako na 23 a shekarar 2024. Idan tayoyin sun bambanta da juna ƙwarai, ko ɗaya ta girmi motar da nisa, sai a yi maka bayani.

Bakanike ya haɗa kwamfutarsa ya duba ko akwai matsalar da aka goge, ya duba kusoshin ƙofofi da na murfin inji ko an taɓa kwance su, fenta kuma ya bi jikin motar a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilun ɗakin nuni ba. Sabuwar mota ba ta wuce 'yan kilomitoci kaɗan a agogonta. Idan ta nuna ɗaruruwa, ko dai tuƙo ta aka yi ko motar gwaji ce, kuma duka biyun dalili ne na ragi mai kauri. Motar da ta shekara a tsaye cikin ranar Kano har yanzu sabuwa ce, amma batirinta ya gaji, baƙin manta ya tsufa, robobin share gilashi sun bushe, sai ka nemi a canza su ko a cire kuɗinsu.

Mataki na 6: Zaman ciniki

Tun kafin ka zauna ka san ko akwai dillali a tsakani. A yawancin wuraren sayar da motoci akwai 'yan kamasho da ke tarar baƙo tun daga bakin titi, kuma duk wanda ya shigo da kai yana da la'ada a cikin kuɗin, wani lokaci har mutum biyu ko uku a jere. Ba sana'ar banza ba ce, dillali nagari yakan samo maka motar da ba za ka samu da kanka ba, amma a yi maganar la'adarsa a fili tun farko, nawa ce kuma wa zai biya. Idan ba ka bukatarsa, ka shiga kai tsaye ka nemi mai wurin ko manajan sayarwa, domin yaron da ke tsaye a fili ba shi da ikon sallamawa.

Bayan gaisuwa za a tambaye ka nawa ka tanada. Kada ka faɗi adadi. Ka ce, “Alhaji, ka fara gaya mini kuɗinta na gaskiya da komai a ciki, in ya yi mini sai mu yi magana.” Cinikin sabuwar mota ba irin na atamfa a Kantin Kwari ba ne da mutum zai raba kuɗi biyu ya taya, wanda ya yi haka dila zai ɗauke shi bai zo saye ba. Tayinka ya samo asali daga takardun da ka tara. A ce dila ya tsaya a miliyan 44, takardarka mafi araha kuma bayan ka ɗora kuɗin kawowa ta kama miliyan 42 da rabi, to wannan ita ce iyakarka, sai ka fara daga miliyan 40 da rabi. Zai ce albarka. Ka ƙara miliyan guda, sannan rabin miliyan, sannan dubu 200, wato kowane ƙari ya gaza wanda ya gabace shi, don ya fahimci ka kusa tsayawa. Kada ka ƙara sau biyu a jere ba tare da shi ya sauko ba, kuma idan ka faɗi adadi ka yi shiru ka bar shi ya amsa.

Akwai maganganun da za ka ji kusan ko'ina: wani Alhaji ya ga motar zai turo kuɗi da la'asar, dala za ta tashi gobe, ita kaɗai ta rage a Najeriya. Mai yiwuwa gaskiya ne, mai yiwuwa a'a, amsarka dai ɗaya ce, cewa idan rabonka ce za ka same ta. Idan kuwa da gaske wani ya riga ka kuma an yi masa sallama, ka janye, domin shari'a ta hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Kai ma kada ka ƙirƙiri farashin ƙarya ka ce a wani wuri aka ba ka. Diloli sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa ya tona ka, kuma daga nan maganarka ba ta da nauyi. Takarda ta gaskiya ka ajiye a kan tebur ka ce, “Ranka ya daɗe, na fi son in saya a gida, in ka sallama a kan wannan yau zan tura kuɗi.” Shirin biya nan take shi ne abu mafi tsada da kake riƙe da shi, kada ka ambace shi sai a wannan gaɓar.

Idan an kafe, ka yi godiya, ka bar lambar wayarka, ka tashi ba tare da fushi ba. Sau da yawa kira yakan biyo baya kafin kwana biyu, in kuma bai zo ba, alama ce cewa ka taɓo ƙasan farashin, sai ka koma ba tare da jin kunya ba. A wurin wakilin kamfani, inda kuɗin motar ba ya motsi sosai, ka karkata ga abubuwan da suka fi masa sauƙin bayarwa: sabis na farko da na biyu kyauta, kawowa Kano kyauta, lamba, cikakken tankin mai, ko ƙarin wa'adin garanti. Idan ƙungiyarku ko ma'aikatarku tana da wasu masu son saye, ku haɗu ku nemi farashin sari.

Mataki na 7: Tsohuwar mota da kuɗin banki

Kada ka ambaci cewa kana da tsohuwar motar da za ka bayar ka yi ciko sai an gama tsayar da kuɗin sabuwar. Idan aka haɗa cinikin biyu, za a rage maka miliyan guda a nan a danne maka miliyan biyu a can, ka fita kana murna. Ka fara kai tsohuwar wurare biyu a taya, don ka san darajarta. Sayar da ita da kanka ya fi kawo kuɗi, musaya kuma ta fi sauri, sai ka zaɓa da saninka.

Wanda kuɗinsa bai cika ba yana iya bi ta bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya fara a 2019, inda ake yin murabaha: banki ya sayi motar, ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya a hankali. Ko a nan sai ka yi cinikin motar da kanka tukuna, domin a kan kuɗin da ke takardar dila banki zai ɗora ribarsa. Kuma kada ka auna da abin da za ka biya a wata. Naira miliyan 1.2 a wata 36 miliyan 43.2 ce, naira miliyan ɗaya a wata 48 kuwa miliyan 48 ce, ke nan mai sauƙin biyan ta fi tsada da miliyan 4.8. Ka tambayi jimilla, da kason da za ka fara ajiyewa, da kuɗin takardu, da abin da zai faru idan ka so biya kafin wa'adi.

Mataki na 8: Ƙarin kaya, inshora da lamba

Bayan sallama ne ake kawo jerin ƙananan abubuwa, shimfiɗar ƙafa, rigar kujera, baƙin gilashi, na'urar bin sawun mota, kuma mutumin da ya gama maganar miliyoyi ba ya jin nauyin dubu ɗari biyu. Yawancinsu sun fi araha a waje. Na'urar bin sawu ce kawai nake ba da shawarar a bar wa wakili, domin yanka wayoyin sabuwar mota a wani wuri yana iya ɓata garanti. Baƙin gilashi kuma yana da maganar izinin 'yan sanda.

Inshora mafi ƙanƙanta da doka ta wajabta wa motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma ba ta biyan komai a kan motarka. Cikakkiyar inshora, bisa umarnin NAICOM, hukumar da ke kula da harkokin inshora a ƙasa, ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato miliyan 2 a shekara ga motar miliyan 40, kuma akwai kamfanonin takaful ga mai son tsarin Musulunci. Wanda ya kawo maka cikakkiyar inshora da arahar da ta wuce hankali, ka binciki takardarsa. Kuɗin lamba kuwa ka tambaya da kanka a ofishin rajistar motoci na Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano, sannan ka kwatanta da abin da dila ya rubuta.

Mataki na 9: Takardu, biya da karɓar mota

Mota mai arahar da ta ba ka mamaki, ka fara zargin takardun kwastan. A Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ko aka biya mata harajin da bai cika ba ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, a hannun wanda ya saya. Ka karɓi kwafin takardun ka kai ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai a tantance su da lambar shasin, kafin ka biya. Dilan da ya ƙi ba da kwafi ya ba ka amsa.

Idan za ka ba da kafin alƙalami don a riƙe maka motar ko a kawo ta, ya zama kaɗan, kuma a rubuta lambar shasi da ranar kawowa, da cewa farashin ba zai canza ba ko dala ta tashi, da cewa za a mayar maka da kuɗinka cikakku idan aka saɓa. Biyan kuwa ta banki za a yi shi, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da ke kan takardar farashi, ba asusun yaron shago ko dillali ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hannun banki ba. Rasit ya ƙunshi sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka, da lambar shasi da lambar inji da launi da jimillar kuɗi, shaidunku kuma su sa hannu a takardar ciniki. Duk alkawarin da aka yi maka a Mataki na 5 da na 6, na sabis ko lamba ko batir, ya shiga wannan takarda.

Ranar karɓa ka je da rana, ka sake karanta lambar shasi don ka tabbatar motar da ka duba ce aka ba ka. Ka ƙirga makullai biyu, safaya da jak da sifana, littafin mota, da littafin garanti mai hatimin dila da kwanan watan da ka karɓa, domin daga ranar ne wa'adin ke fara tafiya. Ka tabbatar akwai tukunyar kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya. Ka kunna na'urar sanyi da fitilu da gilasan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, duk wani ƙarce ko lotsawa kuma a rubuta shi a takardar karɓa kafin ka sa hannu, domin da zarar motar ta fita daga ƙofar wurin, dila zai ce a hannunka ya faru.